Filin Kimiyya Da Sana'a: Yadda Ake Haɗa Fitilar Da Ke Nuna Batir Yana Shan Caji

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma da wuya a sami inda wannan magana ta zauna daram kamar a sha'anin batir. Direban da ya taso daga Legas da magariba ya nufi Arewa, in altanetar motarsa, watau injin da ke yi wa batir caji, ta daina aiki tun daga Ibadan, ba lalle ne ya ji wani canji a jikin motar ba. Za ta ci gaba da gudu, fitilu na ci, batir na ta ba da abin da ya tara ba a mayar masa, har sai can tsakar dare, watakila a dajin da ke tsakanin Jebba da Mokwa, fitilu su dushe, inji ya mutu inda babu gari babu makaniki. Haka kuma mai shagon cajin waya, ko maigidan da ya kafa faifan hasken rana a kan rufinsa: waya ɗaya ta kwance, ko fiyus ya ƙone, sai batir ya yi makonni yana zaune da rabin ciki ba wanda ya sani, ran da za a farga kuwa ya riga ya lalace, ga shi kuɗin sabo ba na wasa ba ne.

Tambayar da wannan fili zai amsa a wannan mako ita ce: yaya mutum zai haɗa 'yar ƙaramar fitila wadda za ta kama in batir yana shan caji, ta mutu in ba ya sha? Aikin bai fi ƙarfin duk yaron da ya iya riƙe ƙarfen dalma a shagon gyaran rediyo ba. Amma akwai lissafi a ciki, akwai kuma ramuka biyu ko uku waɗanda masu haɗawa suka saba faɗawa.

ABIN DA BATIR KE NUNAWA

Batirin mota, da baturan inbata da yawa da ke gidaje, irin nan ne na dalma da ruwan asid, wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago a shekarar 1859. A cikinsa akwai ɗakuna shida waɗanda masu gyara ke kira sel, kowane ɗaki yana ba da kimanin bolt 2.1 in ya cika. Saboda haka batirin da aka rubuta wa bolt 12 a jiki, in cikakke ne kuma ya huta, awonsa bolt 12.6 ne ko 12.7. In ya sauka zuwa 12.2, ya cinye kusan rabin abin da ke cikinsa. In kuwa ya yi ƙasa da 12, to ya kusa ƙarewa.

Ruwa ba ya hawa tudu sai an tura shi. Haka wuta ba ta shiga batir sai abin da ke tura ta ya fi batirin ƙarfi. Don haka ne altaneta mai lafiya takan riƙe batir tsakanin bolt 13.8 da 14.4, cajar gida ma haka. Ke nan akwai fili tsakanin 12.7 na batirin da ke hutawa da 13.8 na wanda ake yi wa caji, kuma a cikin wannan fili ne za a kafa iyaka, a wajen bolt 13.2 zuwa 13.4.

Dalilin da ya sa zama ba caji ke kashe batir shi ne, duk lokacin da yake ba da wuta, wani farin gishiri yakan taru a kan faifayen dalmar da ke cikinsa. In an yi caji da wuri gishirin yakan narke ya koma cikin ruwan. In kuwa aka bar shi kwana da kwanaki sai ya daskare ya yi tauri, ya rufe fuskar faifayen, daga nan batirin ba zai ƙara ɗaukar abin da yake ɗauka a da ba.

Wani zai ce ai akwai jar fitilar batir a gaban direba. Gaskiya ne akwai, amma ita tana zaune ne tsakanin wutar makulli da wutar altaneta, tana kamawa in ɗaya ta fi ɗaya sosai. In bel ya yi sako-sako, altaneta na ba da wuta amma ba ta kai yadda ake so ba, fitilar tana iya yin shiru. A tsofaffin motoci ma, ta cikin wannan ƙwai ne altaneta ke samun 'yar wutar da take fara aiki da ita, saboda haka in ƙwan ya ƙone ana iya rasa caji da gargaɗi gaba ɗaya.

MAKWATANCI

Zuciyar aikin wani ɗan ƙaramin abu ne da ake kira kwamfareta, wanda da Hausa za a iya ce masa makwatanci. Misalinsa kamar mizanin nan ne mai faranti biyu na masu awo a kasuwa. Mizani ba ya faɗin nauyin kaya da baki, iyakarsa ya nuna wane faranti ya rinjaya. Shi ma makwatanci yana da ƙofofin shiga biyu, ɗaya mai alamar tarawa ɗaya mai alamar ɗebewa, da ƙofar fita ɗaya. Aikinsa kawai ya duba wace ƙofa ce wutarta ta fi ƙarfi, ya ba da amsa ta ƙofar fita.

Wanda ya fi sauƙin samu shi ne mai lamba LM393, baƙi ne mai ƙafafu takwas, kuma makwatanta biyu ne a cikinsa. Kamfanin National Semiconductor na Amurka ne ya fito da shi a shekarun 1970, kamfanin da Texas Instruments ya saye a 2011, yau kuwa kamfanoni da dama ke ƙera shi. Ana samunsa wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo a kasuwar Alaba ta Legas da Sabon Garin Kano da sauran manyan garuruwa, ana kuma iya cire shi daga matattun inbatoci. Yana aiki da wuta daga bolt 2 har zuwa wajen 30, abin da yake ci kuwa bai wuce kimanin miliamfiya ɗaya ba, watau kashi ɗaya cikin dubu na amfiya.

Ga yadda ake ƙirga ƙafafunsa. A ajiye shi rubutu na sama, tsagar da ke kansa na kallon gaba. Ƙafar farko ita ce ta hagun tsagar, a gangaro ta hagu 1, 2, 3, 4, sa'an nan a haura ta dama 5, 6, 7, 8. Ƙafa ta 8 ita ke karɓar wuta daga kan batir mai alamar tarawa, wanda daga nan za a riƙa kira jan layi. Ƙafa ta 4 tana zuwa kan batir mai alamar ɗebewa, watau baƙin layi. Makwatanci na farko yana da ƙafa ta 2 ta ɗebewa, ta 3 ta tarawa, ta 1 ta fita. Na biyu yana da ta 6 ta ɗebewa, ta 5 ta tarawa, ta 7 ta fita.

Ramin farko yana nan a ƙofar fita. Ƙafar fita ta LM393 ba ta ba da wuta ko kaɗan. Ita kamar makunni ce tsakaninta da baƙin layi: in ƙofar ɗebewa ta rinjayi ta tarawa sai makunnin ya haɗe, in ta tarawa ce ta rinjaya sai ya saki. Wanda ya ɗaura fitila tsakanin ƙafar fita da baƙin layi zai kwana yana jira ba ta kama ba. Dole fitilar ta taso daga jan layi ta sauka a kan ƙafar fita.

DUTSEN AWO

Mizani ba ya aiki sai da dutsen awo wanda nauyinsa ba ya canzawa. Rami na biyu shi ne, wasu sukan ɗauki wutar ƙofofin biyu duka daga batirin da ake aunawa ta hanyar resista kawai. In batir ya hau sai ƙofofin su hau tare, in ya sauka su sauka tare, mizani ba zai taɓa motsi ba. Ana bukatar abin da zai tsaya a kan awo ɗaya ko batir ya hau ko ya sauka.

Ana iya amfani da dayod ɗin zena, wanda aka sa wa sunan masanin nan na Amurka Clarence Zener, sai dai awonsa yakan ɗan kauce gwargwadon zafi da yawan wutar da ke bi ta cikinsa. Abin da ya fi shi tsayuwa shi ne mai lamba TL431, mai ƙafa uku, kamarsa ɗaya da transisto, kuma akwai shi a cikin cajojin waya da akwatunan wutar kwamfuta da yawa. In irin nan ne mai baƙin kai da fuska ɗaya shafaffiya, sai a haɗe ƙafafun gefe biyu wuri ɗaya, a kai ta tsakiya baƙin layi. Sa'an nan a kawo wa mahaɗar ƙafafun gefen wuta daga jan layi ta cikin resista mai om 4,700, wadda masu gyara ke kira 4.7k. Za a sami bolt 2.5 tsayayye a wannan mahaɗa. Wutar da ke bi ta cikinsa za ta kai wajen miliamfiya 2, shi kuwa ɗaya yake bukata don ya yi aiki sosai. Kada a ɗora masa kwandansa kai tsaye, domin wasu girmanta sukan sa awonsa ya riƙa rawa.

LISSAFIN RABON WUTA

Tun da dutsen awo bolt 2.5 ne, batir kuwa yana wajen 13, sai an rage wutar batirin kafin a kawo ta faranti. Ana yin haka da resista biyu a jere, ɗaya bayan ɗaya, daga jan layi zuwa baƙin layi. Bisa ƙa'idar da Bajamushen nan Georg Ohm ya bayyana a 1827, wutar takan rabu a tsakaninsu gwargwadon girman kowace. In ta sama 43k ce, ta ƙasa 10k, jimla 53k ke nan, mahaɗarsu za ta sami kashi 10 cikin 53 na wutar batir. Domin mahaɗar ta kai bolt 2.5, sai batir ya kai 2.5 sau 5.3, watau bolt 13.25. Ga iyakar da ake nema ta samu. Wanda bai sami 43k ba ya jera 33k da 10k.

Mahaɗar resistocin nan biyu za ta tafi ƙafa ta 2. Bolt 2.5 na dutsen awo zai tafi ƙafa ta 3 ta cikin resista 2.2k, wadda amfaninta zai zo nan gaba. Sa'an nan a ɗauko ɗan ƙwan LED rawaya, a kai doguwar ƙafarsa jan layi ta cikin resista 3.3k, gajeriyar kuwa ta sauka a ƙafa ta 1. A ƙara wata resista 10k daga ƙafa ta 1 zuwa jan layi. In batir ya wuce iyaka, ƙafa ta 2 ta rinjayi ta 3, makunni ya haɗe, fitila ta kama da wuta kusan miliamfiya 3 da rabi. Duka abin da zai bi ta ƙafar fita bai kai miliamfiya 6 ba, wanda kowane LM393 ke iya ɗauka ba wahala.

Amma fa lissafin takarda daban, kayan kasuwa daban. Resistar da ke da zoben zinariya a jiki tana iya kaucewa da kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa. In aka yi rashin sa'a ta sama ta yi yawa ta ƙasa ta gaza, iyakar za ta koma wajen bolt 14.4, fitila ba za ta kama ba ko caji na tafiya lafiya. In akasin haka ne sai ta sauko wajen 12.2, fitila ta yi ta ci a kan batirin da ke mutuwa, wannan kuwa ya fi muni, domin mai gadin da ke cewa lafiya lau alhali ɓarawo na cikin gida gara babu shi. Maganin abin shi ne a sa 39k a jere da resista mai juyawa ta 10k a maimakon 43k. Da ita za a iya matsar da iyakar daga bolt 12.25 har 14.75, a daidaita ta da mita.

MAGANIN ƘYAFTAWA

Duk wanda ya taɓa kallon mai awo ya san in faranti biyu suka zo daidai, mizani yakan yi ta rawa. Makwatanci ma haka, in batir ya tsaya a bakin iyaka sai fitila ta yi ta ƙyaftawa, ko ta yi wani haske dishi-dishi wanda ba a san kansa ba. Wani masani Ba'amurke, Otto Schmitt, ya samo maganin wannan tun a shekarun 1930. Dabarar ita ce a sa iyakar kamawa ta ɗan ɗara iyakar saki.

A nan, resista ɗaya ce za ta yi aikin, mai om miliyan ɗaya, daga ƙafa ta 1 zuwa ƙafa ta 3. Lokacin da fitila ke mace, ƙafa ta 1 tana sama kusa da jan layi, sai ta ɗan ɗaga ƙafa ta 3 da kimanin milibolt 23 ta dalilin waccan 2.2k, saboda haka fitila ba za ta kama ba sai batir ya kai wajen bolt 13.4. Da zarar ta kama, ƙafa ta 1 ta faɗi ƙasa, ta ɗan janyo ƙafa ta 3 tare da ita, fitila ba za ta mutu ba sai batir ya sauko wajen 13.2. Wannan 'yar tazara ta isa ta hana rawa.

Saura kariya. A sa fiyus mai rabin amfiya a jan layi dab da batir. A sa dayod 1N4007 a hanyar da ke ciyar da ƙafa ta 8 da dutsen awo da fitila, domin in an juya kawunan batir bisa kuskure kada kaya su ƙone. Amma resistocin rabon wuta su ɗauki tasu kafin dayod ɗin, domin yakan cinye kusan bolt 0.7, ya ɓata lissafi. A ƙarshe a sa 'yar kwandansa mai lamba 104 tsakanin ƙafa ta 8 da ta 4.

Wajen daidaitawa, a ɗaura mita a kan batir, a kunna caja, a juya resistar har fitila ta kama daidai lokacin da mita ta nuna 13.4. Sa'an nan a kashe caja, a kunna wa batirin ƙwan mota na minti ɗaya ko biyu, a tabbata fitilar ta mutu. A mota, a ɗauki wutar daga layin da ke bin makulli. Haɗin yana cin miliamfiya 3 zuwa 4 ko fitila na mace, wanda a wata guda ya kai wajen amfiya-awa 2 da rabi. Ga batirin mota wannan ba kome ba ne, amma ga na babur mai amfiya-awa 5 ko 7, abin a kula ne.

INDA FITILAR FARKO KE RUƊI

Rami na uku ya fi sauran zurfi. Wannan fitila ƙarfin wuta take aunawa, ba ta ganin ko wutar na shiga batir da gaske. Batirin da aka cire daga caja yanzu yakan tsaya sama da bolt 13 na wani lokaci kafin ya sauko, fitila tana iya ci alhali an daina caji. Batirin da ya yi ƙasa ƙwarai kuwa yana iya shan wuta sosai amma awonsa bai kai 13 ba tukuna, fitila na mace alhali caji na tafiya. Sa'an nan batirin da gishiri ya cinye yakan haura 14 nan da nan ba tare da ya sha kome ba. Ga mota, fitilar farko ta wadatar, tun da abin da direba ke son sani shi ne ko altaneta na aiki. Amma ga mai cajin batura a shago, ko mai ƙaramin faifan rana, sai an auna gudun wutar kanta. A nan makwatanci na biyu da ke cikin LM393 zai yi amfani.

AWON GUDUN WUTA

Ana sa wata resista ƙarama ƙwarai, mai om 0.05, a kan hanya tsakanin baƙin kan batir da baƙar wayar caja. Ana samun ta in an haɗa biyu masu om 0.1 kafaɗa da kafaɗa, irin farare masu wat 5. Duk wutar da ta shiga batir sai ta fito ta bi ta cikinta kafin ta koma caja. In amfiya 5 ke gudu, za a sami bolt 0.25 tsakanin kawunanta, zafin da za ta yi kuwa wat 1.25 ne. In amfiya 0.4 ne, milibolt 20 za a samu. Abin lura shi ne, lokacin caji kan da ke wajen batir shi ke sama. In batir ne ke ba da wuta sai abin ya juya, wannan kai ya koma ƙasa. Ke nan resistar tana nuna yawan wuta da inda ta dosa.

Saboda haka baƙin layin haɗin, har da ƙafa ta 4, zai koma kan resistar da ke wajen caja. Daga kan da ke wajen batir a ja 'yar waya ta cikin resista 1k zuwa ƙafa ta 6, a sa kwandansa mai mikrofarad 100 daga ƙafa ta 6 zuwa baƙin layi. Amfanin kwandansar shi ne, cajar gida mai taransifoma ba ta ba da wuta a miƙe, tunkuɗa take yi sau 100 a daƙiƙa, tun da wutar gari a Nijeriya sau 50 take juyawa. Kwandansa ita ke lallashe wannan tunkuɗa.

Dutsen awon wannan ɓangare kuma daga bolt 2.5 ɗin nan za a yanko shi. A jera 12k da om 100 daga can zuwa baƙin layi, mahaɗarsu za ta ba da kusan milibolt 21, a kai ta ƙafa ta 5. A sa 470k daga ƙafa ta 7 zuwa ta 5 don hana ƙyaftawa. Sai ƙwan LED kore da 3.3k ɗinsa, da 10k, a ɗaura su a ƙafa ta 7 kamar yadda aka yi wa ta 1. Koriyar fitila za ta kama in wutar da ke shiga ta kusa rabin amfiya, ta mutu in ta sauko wajen 0.4.

Ba a kafa iyakar a kan sifiri ba domin LM393 kansa yana iya kuskure har na milibolt 5, wanda a wannan haɗi daidai yake da amfiya 0.1. Wannan ne kuma ya sa dabarar ba ta dace da babbar inbata ba. Resistar awon da ake sa wa irin waɗannan, misali mai ba da milibolt 75 a kan amfiya 100, ba za ta ba da ko milibolt 4 ba in amfiya 5 ke shiga, sai an sa abin da zai ƙara ƙarfin awon tukuna. Haɗin da aka bayyana a nan na caja ne wadda ba ta wuce amfiya 5 ba. Kada kuma a bi da kayan da ke jan fiye da haka ta cikin resistar, domin amfiya 6 in ta juyo baya za ta kai ƙafa ta 6 bolt 0.3 ƙasa da baƙin layi, iyakar abin da take jurewa ke nan. Ko kusa kada a sa ta a wayar kik ɗin mota, wadda ke jan amfiya fiye da 100.

KARATUN FITILU BIYU

In rawaya da koriya duka suna ci, caja na aiki, batir na sha. In koriya kaɗai ke ci, batir ya yi ƙasa sosai yana kan hawa, sai a ba shi lokaci. Amma in ya shafe sa'o'i masu yawa a haka, jikinsa na zafi, rawaya ta ƙi kamawa, to akwai alamar ɗaki ɗaya ya haɗe a ciki, a kashe caja. In rawaya kaɗai ke ci bayan doguwar caji, batir ya ƙoshi, domin batir mai amfiya-awa 60 in ya cika, abin da yake sha yakan sauko ƙasa da rabin amfiya. In kuwa tun farkon ɗaura batirin da aka san ba kome a cikinsa rawaya ta kama koriya ta ƙi, ko dai kawunan sun yi tsatsa, ko gishiri ya gama da shi. In duka biyu suna mace, babu caji, sai a bi waya da fiyus da caja ɗaya bayan ɗaya.

A YI HATTARA

Duk alƙaluman nan na batirin dalma ne mai bolt 12. Batirin litiyam irin na faifan rana da ke yaɗuwa yanzu yakan zauna wajen bolt 13.2 zuwa 13.4 ko ba a yi masa caji, saboda haka rawayar fitila za ta ruɗi mai ita in ba a ɗaga iyakar ba. Wanda ya jera batura biyu don samun bolt 24 kuma sai ya sake lissafin resistoci.

Batirin dalma yakan fitar da iskar haidurojin in caji ya yi nisa, ita kuwa tartsatsi ɗaya ya ishe ta. A yi caji inda iska ke shiga, ba taba ba ashana, a kuma kashe caja kafin a cire maƙalai. A cire zobe da agogon ƙarfe kafin a taɓa kawunan batir, domin zoben da ya haɗa kai da jikin mota yakan yi ja kafin mai shi ya fizge hannu. Ruwan batir in ya taɓa fata ko ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, na ido kuwa a garzaya asibiti.

Kuɗin dukan kayan nan bai kai ko kusa da na sabon batir ba, kuma yaron shagon da ya haɗa wannan da hannunsa ya fahimci dalilin kowace resista, ya sami mabuɗin wasu ayyuka da yawa, domin da irin wannan makwatanci ake yin abin da ke kashe inbata in batir ya yi ƙasa, da wanda ke kunna fitilar titi in rana ta faɗi. Iyayen gida a shagunan gyara su ba yaransu dama su gwada, su kuma tsaya a kansu wajen daidaitawa da mita. Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.